Mai koyo da wuƙa mai naɗewa

Kai yaro, ajiye magagarin nan ka zo. Ka ce wani saurayi ya zo da safe, ya fara koyon kare kai, yana tambayar wace wuƙa mai naɗewa zai saya, kai kuma ka rasa wadda za ka miƙa masa. Gara da ka rasa. Da ka ba shi mai kaifi, da yau ka bar min shago.

Mai koyo ba ya taɓa kaifi. Akwai wadda ake ƙerawa don atisaye, nauyinta da buɗewarta daidai da ta gaske, amma bakinta a dakushe, ba tsini, galibi da huji a jikin ƙarfen don a gane ta daga nesa. In babu, a sassaƙa masa ta katako.

Ka san dalilin da ya sa nake zafi a kan wannan? A 2002, shekarar da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, wani mutum ya faka mota a bakin shagon nan na Agege, babbar riga sai ƙamshi. Wai yana horar da masu gadi, yana son guda 40. Na ce bari in dakushe masa su. Ya ce a'a, yaransa maza ne. Na kawo masa wuƙar da ake kira Okapi, ta ainihi, ya ce ta yi tsada. Maimakon in ce Allah ya kawo kasuwa, sai na hau mota zuwa cikin Ikko, na samo masa na jabu masu arha, na gaya masa ƙarara cewa jabu ne. Ya ce ya ji ya gani. Ya ba ni rabin kuɗi, sauran sai ƙarshen wata.

Ba a yi kwana goma ba, wani yaro cikinsu ya soki tsohuwar taya, maƙullin da ke riƙe wuƙar a buɗe ya saki, ruwan wuƙar ya naɗo a kan manuniyarsa, ya datse jijiya. Na je asibiti na gan shi. Yaro ƙarami, bai fi wata biyu da zuwa daga Arewa ba, ya riƙe hannun a ƙirji yana kallon bango. Mutumin nan kuwa ya zo min da 'yan sanda, ya dubi tsabar idona ya rantse wai na ce masa na ainihi ne. Sai da dattawan unguwa suka sa baki aka sake ni. Ni na biya asibiti. Sauran kuɗina ko sisi, wuƙaƙen ma bai maido ba. Injin wasa wuƙa da na yi shekara uku ina tara kuɗinsa, shi na sayar. Wallahi har yau in na tuna rantsuwar nan sai zuciyata ta tafasa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, in ranar sayen ta gaske ta zo, maƙulli za ka fara dubawa. Buɗe ta ka girgiza ruwan. In yana rawa, ajiye. Ka janye yatsunka daga hanyar kaifin, ka ƙwanƙwasa bayanta a kan katako; in ta rufe, ta bola ce. Okapi a Jamus aka fara ta a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu, sai ka ja zoben bayanta take rufewa. Opinel ta Faransa zobenta a wuya yake, murɗa shi ake yi. Ƙota ta cika hannu, kada ta yi santsi in an yi gumi. Iskar Legas kuma ba ta raga wa baƙin ƙarfe, kwana biyu ka ga tsatsa, sai da man keke. Maganar wasawa ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara a nan bai iya ba ya koma gida.

Samarin yanzu sai su ga ana juya wuƙa a waya, su ɗauka sun iya. Ba su san cewa ɗan sanda in ya laluba aljihu ya same ta ba ya tambayar wa ya koya maka. In saurayin ya dawo, ka ce ya turo malaminsa in gan shi tukuna. Ɗauko katakon can na bayan ƙofa, in nuna maka yadda ake fitar da ƙotar.