Lauyan intanet ko na unguwa? Amsa ga mai sayen gida a Birmingham

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, shekarata bakwai a nan. Ni da maigidana mun taya wani gida mai ɗaki uku, mai shi ya sallama, bankin Musulunci kuma ya yarda zai shiga cinikin. Saura lauya. Wani kamfani na intanet ya ce fam 700, wani ofishi a unguwarmu ya ce fam 1,500. Abin da ke hana ni barci shi ne kuɗin da za mu fara zubawa. Wasu daga albashina na tara, wasu kwasar adashi ce, sai fam 18,000 da Baba ya sayar da filinsa a Kano ya aiko mini ta hannun ɗan canji. A zaurenmu na WhatsApp an ce in guji na intanet don sun cika bin diddigi, in je wurin na unguwa, wai ido da ido ana fahimtar juna. Wasu kuma sun ce in bar kuɗin su kwana wata shida a asusu, shi ke nan babu mai tambaya. Wanne zan ɗauka, kada gidan nan ya suɓuce mana?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa gidan ya zama na alheri.

Bari in fara da mai sauƙin. A Ingila da Wales doka ɗaya ce ke kan su biyun. Ko dai ofishi yana ƙarƙashin hukumar SRA mai kula da lauyoyi, ko ƙarƙashin CLC mai kula da ƙwararrun cinikin gidaje, kuma dole kowanne ya kasance da inshorar da za ta biya ki idan ya yi miki ɓarna. Ki duba sunan ofishin a rajistar hukumarsa, minti biyu ne. Aikin kansa ma yanzu kusan duk ta kwamfuta ake yinsa: takardun mallaka daga hukumar rajistar filaye suke zuwa, binciken ƙaramar hukuma da na ruwa da na tsoffin ramukan kwal duk ta intanet ake nema. Lauyan da ke bayan layinku ba zai taka ya je ya ga gidan ba, kamar yadda na nesa ba zai je ba.

Inda suka rabu shi ne yawan fayil. Manyan kamfanonin intanet da yawan aiki suke cin riba, don haka mutum ɗaya yana riƙe da fayiloli masu ɗimbin yawa, kuma wanda ya ɗauki wayarki yau ba lalle shi ne zai ɗauka gobe ba. Ga mai sayen gida da ƙasarsa duka, da albashi da bashin banki na yau da kullum, wannan ya wadatar, kuma na sha ganin sun fi wasu ofisoshin unguwa sauri. Fam 700 ɗin nan kuwa, ki ce su rubuto miki jimillar ƙarshe. Harajin VAT kashi 20 ne, sannan sau da yawa akwai kuɗin aiki da banki, kuɗin tantance ki, kuɗin tura kuɗi, da wani ƙari na musamman idan akwai kyauta a cikin kuɗin sayen. Kafin a gama lissafi tazarar ta ragu sosai. Ki kuma tambayi bankinku tun yau ko ofishin yana cikin jerin waɗanda ya amince da su, domin cinikin bankin Musulunci yana da takardun haɗin gwiwa da na haya waɗanda ba kowane ofishi ne ya saba da su ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauki taki. Wanda ya ce miki lauyan unguwa zai kau da kai daga asalin kuɗi, ya cuce ki, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. Kusan kowane mako sai wani ɗan'uwa ya shigo ofishina da wannan fahimtar, ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya rage murya ya ce, "Barista, ai mu namu ne, a rufa asiri." Wane asiri zan rufa? Dokar dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta 2002 da ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram na 2017 ba su san ɗan gari ba. Lauyan da ya bari kuɗin da yake zargi suka bi ta asusunsa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Idan ya yi zargi dole ya kai rahoto ga hukumar NCA mai yaƙi da manyan laifuka, kuma laifi ne ya tsegunta miki cewa ya kai. Sai kawai ki ga fayil ya tsaya cak, kina kira ana ce miki ana kan aiki. Hukumar tana da kwanakin aiki 7 ta ba da amsa ko a ci gaba da cinikin, idan ta ƙi kuma a ƙara kwana 31. Mai gida ba zai zauna jiranki ba, tunda kafin a yi musayar takardun yarjejeniya babu abin da ya ɗaure shi. Sallamawar da ya yi miki magana ce kawai.

Shi kuma lauyan da zai yarda ya rufe ido, idan har kin same shi, ki tambayi kanki: mutumin da ya sayar da lasisinsa a kan fam 1,500, shi za ki damƙa wa dukiyar Baba?

Ni na yarda filin Baba halal ne. Matsalar tana kan hanyar da kuɗin suka biyo. Baba ya kai naira Wapa, ɗan canji ya karɓa ya ce an gama. Amma nairar nan ba ta tsallako teku ba. Abin da ya faru shi ne wani a nan Ingila, wanda ke da fam yana son naira, ya zuba miki nasa. Wani lokaci ɗan kasuwa ne mai gaskiya ko ɗalibi. Wani lokaci kuma kuɗin ƙwaya ne ko na damfara ake neman asusun mutumin kirki a juye su a ciki, shi kuwa ɗan canjin ko bai sani ba ko bai damu ya sani ba. Ki buɗe takardar asusunki ki duba. Idan kin ga fam 18,000 ɗin sun shigo a tashi ɗaya daga kamfanin tura kuɗi mai lasisi, alhamdu lillahi. Idan kuwa kin ga 950 daga wani suna, 1,200 daga wani, 800 tsaba an zuba a wani reshe a garin da ba ki taɓa zuwa ba, to abin da lauya zai gani ke nan, kuma abin da banki zai gani ke nan. Tun daga dokar 2017 kan laifukan kuɗi, 'yan sanda na iya zuwa kotun majistare su sa a daskare asusu ba tare da an tuhumi mai shi da komai ba.

Na taɓa zama da wani bawan Allah, direban bas, da irin wannan takarda a gabanmu. Layi goma sha ɗaya, suna goma sha ɗaya, na sa alƙalami ina bi ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsa wane ne wannan. Bai san ko ɗaya ba. Ya kira ɗan canjin a gabana, ya sa a amsa-kuwwa, mutumin ya ce, "Haba Alhaji, kuɗi ba sun shiga ba? To mene ne kuma?" Ya riga ya sanar da mai gidan hayarsa zai tashi, yara sun riga sun zaɓi ɗakuna. Gidan bai samu ba.

Maganar wata shida kuwa, ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, amma ta yi ɓarna. Gaskiya ne galibi takardun wata uku ko shida ake fara nema. To ma'aikaciyar jinya da aka ga dubban fam zaune a asusunta tun layin farko, tambaya ta gaba ita ce daga ina suka zo, sai a ce ki kawo na shekara guda. Kwana ba ya wanke kuɗi. Haka masu cewa ki rarraba su a asusun ƙawaye su dawo miki da su a matsayin kyauta: wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, kin mayar da kuɗin halal sun yi kama da na ɓarayi, kin kuma jawo ƙawayenki ciki. Kuma ki sani kuɗin da suka fito daga Nijeriya ana yi musu kallo na biyu. A Fabrairun 2023 ƙungiyar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya ta saka ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido. An cire ta a Oktoban 2025, amma ofisoshi da yawa ba su sassauta ba. Abin yana ba ni haushi ni ma, in ga an sa dattijo a Kano yana yawon neman wanda zai buga wa fasfonsa hatimi don ya yi wa 'yarsa kyauta. Haushina dai ba ya canza doka.

Ga abin da za ki yi a makon nan, kafin ki biya kowa ko sisi. Kada ki motsa kuɗin, ko mayarwa ko rarrabawa. Ki sa Baba ya haɗo takardar cinikin filin, da takardar asusunsa mai nuna shigar kuɗin mai saye da fitarsu zuwa ɗan canji, da rasit daga ɗan canjin mai ɗauke da sunan kamfaninsa da farashin da aka yi canjin, da hoton fasfonsa. Zai kuma sa hannu a takardar da ke cewa kyauta ce ba bashi ba, kuma ba shi da rabo a gidan. Na adashi ya fi sauƙi: uwar adashi ta rubuto sunayen 'yan zubi da jerin kwasa, ke kuma ki nuna zubinki na kowane wata a takardar asusu. Idan hannu da hannu kuka riƙa yi, ki faɗa tun yanzu.

Sannan ki kira ofisoshin biyu, ki zayyana musu labarin kamar yadda kika zayyana mini, har da ɗan canjin. Ki tambayi sunan wanda zai riƙe fayil ɗin, ko ya taɓa aiki da kyauta daga Nijeriya, kuma ko zai tantance asalin kuɗin ya ba ki amsa kafin a kashe kuɗin bincike. Wanda ya ce ba zai iya ba ya taimake ki, ba a fafe gora ranar tafiya. A irin fayil ɗinki ni zan karkata ga ofishin da za ki iya shiga da takardu a hannu ki zauna da mutum ɗaya, ko da ya fi tsada, don zai karanta takardun Baba da idonsa maimakon manhaja ta yi watsi da su.

Wani abu da ba ki tambaya ba: idan ke ko maigidanki kuna da gida a Nijeriya, ko da na gado ne, ki gaya wa lauyan. Rangwamen harajin sayen gida na masu sayen farko ba ya hawa kan wanda ya taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya, kuma gidan da darajarsa ta kai fam 40,000 yana iya jawo ƙarin harajin kashi 5 na kuɗin sabon gidan. Ranar tura kuɗi kuma, duk saƙon imel da ya ce ofishin ya canza lambar asusu, kada ki tura. Ki kira su ta lambar wayar da ke kan takardar farko da suka ba ki.