Amsa kan kalmar stour

Malam, ka tambaya ko stour da ka gani a tsohon littafin Turanci ita ce sunan kogin nan na Ingila. Rubutu dai ɗaya ne amma kalmomi biyu ne suka haɗu a ciki. Ta farko tana nufin gumurzun yaƙi, hargitsi, ta shigo ne daga tsohon Faransanci, estour, kuma tushensu ɗaya da kalmar Turanci storm, wato guguwa. A Sukotlan har gobe suna kiran ƙurar da iska ke tayarwa stoor, ni wannan ta fi burge ni gaskiya, don duk inda dawakai suka yi arangama ai ƙura ce za ta turnuƙe. Ta biyun kuwa tana nufin babba ko ƙaƙƙarfa, 'yan Suwidin ma stor suke cewa babba.

To kogunan fa, akwai Stour a Kent wanda ya ratsa Canterbury, akwai na Dorset, ga na iyakar Suffolk da Essex wanda mai zane John Constable, haifaffen 1776, ya yi ta zanawa. Wasu masana da ta biyun suke danganta sunan, wato kogi mai ƙarfi. Duba jimlar taka, in ana maganar takobi da mashi to yaƙin ake nufi.