Tambayoyinku kan Hawan Jini: Gishiri, Kanwa da Zoɓo

Tambaya: An auna maigidana sau biyu a asibiti, jininsa 148/94. Likita ya ce ya gyara cimarsa na wata uku kafin a ga ko zai fara magani. Na rage gishiri a miya, amma shiru. Me ya rage in yi? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Gishirin da kike barbaɗawa ba shi kaɗai ne a tukunyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ya ci tun daga karin kumallo. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. In kin rage gishiri kika ƙara magi don miya ta yi ɗanɗano, an gudu ne ba a tsira ba. Kanwa ma sinadarin sodiyam ne a cikinta, shi ne kuwa yake riƙe ruwa a jiki har jini ya hau.

Ki ƙirga magin da kike sawa a miya, ki raba shi biyu daga yau. Gurbinsa ki cike da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Makon farko za a yi ƙorafin lami, amma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai da kanwa ba. Yajin tsire, kilishi da ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda duk gishiri ne jibge. Ki yawaita masa zogale, rama, alayyafo, wake, dankalin Hausa da ayaba, sai dai in yana da ciwon ƙoda, to nan a tambayi likita tukuna.

Ya riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, bayan asuba kafin rana ta buɗe. In yana da ƙiba, kowane kilo da ya zubar yana sauke kusan maki ɗaya daga awon jininsa. Taba a daina ta ɗungurum, goro a rage. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha barkatai bayan gajiyar kasuwa, suna ɗaga jini.

Awon ma da ƙa'idarsa: ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi minti 30 kafin nan. A rubuta kowane awo a kai wa likita.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini, yanzu jinina ya daidaita. Zan iya barinsa in koma zoɓo? Daga wani magidanci, Daura.

Amsa: A'a, Malam. Maganin ne ya daidaita shi, kana ajiye shi zai sake hawa ba tare da ka ji komai ba, kuma ta nan shanyewar ɓarin jiki take shigowa. Zoɓo yana ɗan sauke jini, in ba a cika shi da sukari ba. Ka sha, ka gaya wa likitanka, shi zai rage magani in awo ya nuna.

Tambaya: 'Yata tana jego, jininta ya hau tun tana da ciki. Ko kunun kanwa zai cutar da ita? Daga wata kaka, Katsina.

Amsa: Hajiya, don Allah a dakatar da shi. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da gazawar zuciya bayan haihuwa. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, wanka kuma da ruwa mai ɗumi. A ci gaba da auna ta har a wuce arba'in. Da ta ce kanta na sara, ko tana ganin dishi-dishi, ko numfashinta na sarƙewa in ta kwanta, ko ƙafafu da fuska sun kumbura, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.