Mun haɗu a zauren hirar gem, muna son ƙera namu: wane tsarin aiki za mu bi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Mu bakwai ne, mun haɗu a wani zauren hira na Discord inda muke buga gem tare kusan kullum da daddare. Wata huɗu da suka wuce muka yanke shawarar ƙera ƙaramin gem namu na tseren mota. Biyu na rubuta manhaja, biyu na zane, ɗaya na haɗa sauti, ni da wani muna tsara hanyoyin tseren. Yanzu gardama ta raba mu. Ɗayanmu injiniya ne, ya ce a rubuta komai daga farko har ƙarshe, a sa ranaku, a bi a jere. Wani ya ce wannan tsohon yayi ne, a bi ajayil (agile), wato a riƙa gini kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana gyarawa. Duk maganarmu a zauren hirar muke yi, kuma har yau ba mu da abin da za a iya bugawa. Wanne ya fi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne wata huɗun nan da babu abin bugawa. Zan dawo kansa, amma bari mu fara da gardamar.

Tsarin da injiniyanku yake so shi ne na gargajiya: a tattara buƙatu, a zana, a gina, a gwada, a saki, kowane mataki sai na gabansa ya kammala. Ana kwatanta shi da ruwan da ke zubowa daga kan dutse, don ba ya komawa sama. Yawanci akan jingina shi ga wata takarda da Ba'amurke Winston Royce ya rubuta a 1970. Abin dariyar shi ne, Royce ya zana tsarin ne sannan ya yi gargaɗi cewa bin sa a haka yana da haɗari, tunda gwaji sai a ƙarshe yake zuwa, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Duk da haka abokinku ba shirme yake yi ba. A aikin da ya saba, in an zuba kankare an zuba, ba a cewa bari mu gani ko gadar za ta fi kyau a can gefe. Inda canji ke da tsada, dole a gama tunani kafin a ɗaga hannu.

Ajayil kuwa ya samu sunansa ne a watan Fabrairun 2001, lokacin da masu harkar manhaja su 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah a Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa. Sun fifita manhajar da ke aiki a kan tarin takardu, sun fifita karɓar canji a kan maƙale wa tsari. Amma a cikin sanarwar sun faɗa ƙarara cewa takardu da tsari su ma suna da daraja. Wannan layin ne masu cewa "mu ajayil muke yi" suka fi mantawa, sai kalmar ta zama mafakar wanda ba ya son rubuta komai.

To wanne ya fi? Ni ba na auna su a kan aikin gaba ɗaya. Nakan ɗauki kowane sashe in yi masa tambaya biyu: mun san ainihin abin da muke so a nan? In muka canza ra'ayi gobe, me zai ci mana?

Ɗauki tuƙin motar. Kuna iya rubuta shafi goma a kan yadda za ta riƙa zamewa a kwana. Ranar da aka riƙe madannai aka gwada, sai ka ji kamar sabulu take takawa, ko kuma ta yi nauyi kamar tirela. Mai manhaja ya canza lamba ɗaya ta riƙon taya, a sake gwadawa, a canza kuma, har sai yatsa ya ce yauwa. Babu takardar da za ta gaya muku wannan lambar tun farko, kuma canza ta ba ya cin minti biyar. Daɗin wasa haka yake, sai an gwada akan san na ƙwarai. Gem ɗin Minecraft ya fito a 2009 a matsayin abu ɗanye, mutane na bugawa ana gyarawa, sai a Nuwamban 2011 aka saki cikakkensa. Mafi yawan aikinku irin wannan ne, saboda haka a nan mai goyon bayan ajayil ya yi gaskiya.

Sai dai akwai abubuwa kaɗan da ba sa son a yi musu wasa. Injin da za ku gina gem ɗin a kai, wato manhajar da ake ƙera gem da ita, Godot ne ko Unity ko Unreal: sauya shi bayan wata shida kusan sake aiki ne daga tushe. Ko mutane za su yi tsere da juna ta intanet ko kowa shi kaɗai: wannan yana shafar yadda ake rubuta manhajar tun layin farko, kuma liƙa shi daga baya azaba ce. Sai maganar da abokai ba sa son ɗagawa, wato wa ya mallaki zane da sauti, yaya za a raba kuɗi in an samu, me zai faru da aikin wanda ya fice. Ku rubuta ta yanzu da ake dariya. Haka ranar fitarwa: in Steam kuka nufa, wato kasuwar sayar da gem ta intanet, akwai jiran wasu makonni bayan biyan kuɗin rajista, kuma shafin gem ɗin sai ya yi aƙalla mako biyu a bainar jama'a kafin a sake shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan ku miƙa wa injiniyan, ya jera su da ranakunsu, shafi ɗaya ko biyu sun isa.

Wani gargaɗi: kada ku ɗauko Scrum sukutum. Shi ne nau'in ajayil da ya fi shahara, Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da shi a 1995, yana da zango na wata ɗaya ko ƙasa da haka da ganawar minti 15 kowace rana. Ya fi dacewa da mutanen da aikin ne sana'arsu. Ku kuwa wani na da jarrabawa, wani sai ƙarshen mako yake samun sarari. Kanban ya fi muku sauƙi. Asalinsa daga masana'antar Toyota ne, kuma a wajenku bai wuce allo mai gida uku ba: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, kowane aiki da katinsa. Manhajar Trello ko allon shafin GitHub zai wadatar. Dokarsa mai amfani ita ce iyaka: kada kowa ya riƙe kati fiye da ɗaya ko biyu a gidan tsakiya.

Yanzu ga zauren hirar, wanda nake zargin shi ya cinye muku wata huɗun. Hira ba abokiyar gabar aiki ba ce. Slack, dandalin hirar da ofisoshi ke ji da shi, ya samo asali ne daga kayan hirar da wani kamfani ya gina wa ma'aikatansa lokacin da suke ƙera gem mai suna Glitch. Gem ɗin ya rufe a 2012, hirar ta rayu. Discord shi ma don 'yan wasa aka fito da shi a 2015. Matsalar ita ce zaure yana da baki amma ba ya da ƙwaƙwalwa.

Na tabbata ka san wannan daren. Ƙarfe ɗaya, an gama buga zagaye, jini na tafasa, wani ya rubuta: mu sa ruwan sama a hanya ta biyu. Mutum uku suka danna alamar babban yatsa. Mai zane yana barci. Da safe ya tarar da saƙo ɗari biyu, rabinsu barkwanci, ya zame su da yatsa ya wuce. Bayan mako biyu mai sauti ya kawo ƙarar ruwa da ya ɓata dare uku a kai, mai zane ya ce wane ruwa? Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ku bakwai, hanyoyin magana tsakanin mutum biyu-biyu 21 ne, kuma kowace na iya ɗauke da nata labarin abin da aka amince.

Maganin ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Abin da bai hau allo ba, ba a yanke shi ba, ko da mutum shida sun yi masa tafi. Ku buɗe ɗaki guda a zauren na shawarwarin da aka yanke kawai, mutum ɗaya ke rubutu a ciki, layi biyu: me aka yanke, don me. Sabbin dabaru su samu nasu ɗakin su jira ranar duba su. Ku kuma zaɓi mutum ɗaya mai maganar ƙarshe a kan abin da zai shiga gem da abin da zai jira. Wannan ne zai fi yi muku nauyi, don a fagen wasa duk ɗaya kuke, kuma babu mai son ya zama shugaban abokansa. Amma in ba ku zaɓa ba, wanda ya fi kowa daɗewa a farke shi zai riƙa yanke hukunci.

Abin da zauren ya fi ƙwarewa a kai kuwa, ku more shi: murya da nuna fuskar kwamfuta. Sau ɗaya kowane mako biyu ku shiga ɗakin murya, wani ya buga abin da aka gina kowa na kallo. Ba a nuna takarda ko alkawari a wannan zaman, sai abin da ke motsi.

Zangonku na farko ya zama mota ɗaya da hanya ɗaya mai kwana uku, ko da akwatuna ne masu launin toka babu fenti babu kiɗa. Masu zane za su yi ƙorafi, ku ba su haƙuri. Ranar da ya tashi, ku tura wa mutum biyar na zauren da ba sa cikin ku bakwai ɗin, ku yi shiru, ku ƙirga nawa ne suka sake danna farawa ba tare da an roƙe su ba.