Masara ko dawa, in damina ta rikice a Marwa?

Malam, ka tambaya wanne ya fi riba a gonarka kusa da Marwa, a arewacin Kamaru, tunda ruwa ya daina zuwa kan lokaci. Shuka dawa. Ruwan Marwa bai wuce kimanin milimita 800 a shekara ba, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Masara kuwa in ruwa ya ɗauke mako biyu lokacin da take fitar da gemu, ƙwaya ba za ta cika ba, kuɗin taki ya tafi ke nan. Yankin garin Garwa, inda ruwa ya fi yawa, ya fi dacewa da masara.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Tona ƙasa, in laima ba ta kai tsawon tafin hannu ba, dakata, don iri zai tsiro ya ƙone. Nemi irin dawa mai saurin nuna, kamar wanda ake kira S35. Takin yuriya kuwa, kada ka sa sai ƙasa na da danshi.

In kana da laka mai tsagewa, wadda Fulani ke kira karal, to masakwa, dawar rani da ake dasawa, ita ce hanyar kuɗinka. Yafa irin a wani ɗan fili daban a Agusta, ka yi wa gonar kunya ta riƙe ruwa. Bayan kwana 30 zuwa 40 ka tuge, ka rage ganye da saiwa, ka huda rami da turke a lakar, ka zuba ruwa, ka sa dashe biyu. Girbi wajen Fabrairu. In lakar ba ta ƙoshi da ruwa ba, rage faɗin dashen, don Allah, kada kuɗin ƙwadago ya cinye ka.

Kada ka sayar duka da kaka; farashi yakan hau wajen Yuli da Agusta.