Ba Kowane Kuka Ne “Baƙin Ciki” Ba: Kalmomin Makoki a Latin da Hausa

Tambaya: Malam, ina koyon Latin domin in karanta waƙoƙin makoki na Rumawan dā. Kalmomi uku sun ɗaure mini kai: dolor, maeror da luctus. Duk na fassara su da “baƙin ciki”. Na yi daidai?

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara basira. Ba ki yi kuskure ba, amma kin tauye harsunan biyu. “Baƙin ciki” ma tana da wata fuska, domin wanda muke kira ɗan baƙin ciki ba mutuwa aka yi masa ba, hassada ce ke cin sa.

Dolor ciwo ne, na jiki ko na zuciya, irin raɗaɗin da mutum ke kwana da shi shi kaɗai. Maeror shi ne wannan ciwon idan ya fito fili, ido ya kawo ruwa, jiki ya yi sanyi. Nan ne karin maganarmu ta shigo: labarin zuciya a tambayi fuska. A ganina “juyayi” ko “alhini” sun fi kusa da maeror. Sisero, mashahurin lauyan Rum, ya rasa 'yarsa Tuliya a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya rubuta wa amininsa Atikus cewa ya rage maeror, amma dolor bai iya ragewa ba, kuma ko zai iya ba ya so. Ki sa “baƙin ciki” a wurare biyun nan ki gani, maganar uban ta lalace. Ni kuwa duk lokacin da na karanta ta sai na tuna iyayen da ke amsa gaisuwa da “sai haƙuri”, alhali zuciya na tafasa.

Luctus kuwa makoki ne, na mutuwar wanda ake ƙauna, da baƙaƙen tufafinsa da al'adunsa. Matar da mijinta ya rasu a Rum takan yi wata 10 tana cikinsa. Kada dai ki kira shi takaba kai tsaye, domin takaba hukuncin addini ce mai wata 4 da kwana 10.

Lacrima hawaye ce, fletus kuka, planctus kuka da bugun ƙirji. Desiderium kuma kewar wanda ya tafi.

Akwai kalmar da ba mu da ita a Hausa. A waƙarsa ta 101, Katulus, mawaƙin Rum, ya ratsa ƙasashe da tekuna zuwa kabarin ɗan'uwansa domin ya kai inferiae, wato abin da Rumawa ke miƙa wa mamaci, kamar madara, zuma da giya. Kada ki ce “sadaka”, domin sadakar mamaci masu rai ake ba, ladan ne ke isa gare shi. Ki bayyana ta da jimla. Kuma idan kin ga cinis, toka, ki tuna ƙona gawa suke yi a zamaninsa. Da wannan tokar da ba ta amsawa Katulus yake magana.