Kar ki bari a share ɗakin tukuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Tun bayan isha'i na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau biyar, don wallahi kamar cikina kika shiga kika rubuto. Kin ce mahaifinku ya yi ƙuruciyarsa a aikin jirgin ruwa a Legas, ya dawo Katsina ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi, da shi ya riƙe ku har Allah ya karɓi abinsa wata biyu da suka wuce. Yanzu yayyenki maza sun ce a sayar da shagon, a share ɗakinsa a zuba haya, ke kuma ranki ya ƙi, kina tambaya ko laifi ne ki hana, da abin da za ki yi mashi ya same shi a kabari. Ni da na ɗauka gidanmu ne kaɗai ke da irin wannan labari a duk ƙasar nan tamu ta tudu.

Namu Baban mutumin Daura ne, kuma kin san ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da kududdufin damina ba. Da bakinsa yake ba mu labari yana dariya, wai ranar da ya fara ganin teku sai da ya nemi wuri ya zauna, ya ɗauka nan duniya ta ƙare. Motar gyaɗa ya bi zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Legas, ya faɗa dako a Apapa, yana ɗaukar gyaɗar dalar Kano da auduga da fatu da ake lodawa zuwa Turai. Wani injiniya ya lura yaron nan ba ya gajiya kuma ba ya shan giya, ya ja shi ɗakin inji. Shafa giris, zuba baƙin mai, goge-goge, awa huɗu a can ƙasa cikin zafi da ƙara, awa takwas hutu, haka dare da rana har jirgi ya isa. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa ya yi wa aiki, wanda aka kafa a 1959 aka rufe a 1995, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi kamar cewa cikin jiragen farko na kamfanin akwai wanda aka sa wa suna Dan Fodio.

Sunayen garuruwa muka tashi muna ji kamar karatun allo, Takoradi, Firitawun, Las Palmas inda suke tsayawa shan mai, Libaful, Hambug. Akwai wani ruwa wai shi Biske, tsakanin Faransa da Sifen, ya ce in jirgi ya shige shi da hunturu ko kofin shayi ba ya zama a tebur, ƙato da gemunsa sai ya yi ta amai kamar mai sabon ciki. Azumin da ya fi ambata na ƙarshen shekarun 1960 ne, da watan ya faɗo a Disamba suna Libaful, rana ba ta leƙowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, har kunyar kiransa azumi yake ji, amma sanyi ya rama wa yunwa. Yana da wani ɗan kamfas na tagulla da yake neman alƙibla da shi, don jirgi juyawa yake, inda ka fuskanta da azahar ba nan ne gabas ba da la'asar. A 1975, da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a bakin Legas wata da watanni ba wurin sauke kaya, a nan aikin ya fara fita ransa, yana hango fitilun gari ba halin sauka, Inna kuma tana Daura da goyo. Ya daure dai har 1979, shekarar da Shagari ya hau mulki, ya ɗauko akwatinsa na ƙarfe ya dawo gida.

Abin da ya tara bai ƙara aure da shi ba. Injin Lister ya saya, na Ingila, mai silinda ɗaya, irin wanda ake murzawa da hannu kafin ya tashi, ya kafa niƙa a rumfar ƙofar gida, gefe guda teburin kananzir da ashana da sabulu. Tun ana sallame asuba kwanuka sun yi layi, gero, dawa, masara, da azumi kuma markaɗen wake har hannu ya sage, in Sallar Gani ta zo gari ya cika da baƙi sai dare ya raba yake kashe shi. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa, gari ya yi mashi fari fat har gashin ido, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kanga mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar likita, sai ya ɗago ya ce wa yaronsa bel ya saki ko faranti na son koɗa. Bai taɓa kiran makaniki ba, makanikai ne ke zuwa wurinsa. Mu goma sha ɗaya injin nan ya ciyar, shi ya biya mani kuɗin makaranta, shi ya yi mani kayan ɗaki.

To ga inda nake so ki ji da kyau. Da ya rasu, ana yin sadakar bakwai maigidana ya ce in dawo Katsina yara na makaranta, na dawo. Kwana biyu tak, autanmu ya kira ni yana kuka ya ce Yaya ki zo. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba na tafi tasha. Ina sauka a ƙofar gida na ga rumfar wayam. Kusoshi huɗu ne kawai a tsaye cikin siminti, da baƙin tabon mai, da duron da ake sanyaya injin da ruwansa a kife. Baffanmu, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Baba ya yi wa aure da kuɗin injin nan, wanda matansa ba su taɓa biyan kuɗin niƙa ba shekara da shekaru, shi ya kira 'yan gwangwan. Inji mai rai, wanda ya yi aiki har makon da Baba ya kwanta, suka sa guduma suka farfasa don ya yi masu nauyi, suka ɗora a sikeli, kilo-kilo kamar tsohuwar tukunya. Maƙwabciyarmu ta ce tun hantsi take jin ƙarar gudumar har ta toshe kunne da ɗankwali. Inna na ɗaki cikin takaba tana ji, ba ta da bakin magana.

Na shiga zaure na same shi a kan buzun Baba, buzun Baba fa, yana jan carbi. Ya ce, ɗiyata tsohon ƙarfe ne, wa zai iya da shi cikinku, kuɗin kuma na sa a hidimar sadaka. Wace hidima? Shinkafar sadakar mu muka haɗa kuɗinta. Ban gama haɗiye wannan ba na leƙa ɗakin Baba na ga akwatin a buɗe ba komai ciki sai warin kafur. Wai ya sa yara su share ɗaki, takardun Turawa ne ba ayar Allah a ciki, aka haɗa da shara aka cinna wuta a bayan gida. Littafinsa na aikin jirgi yana ciki, mai hotonsa yana saurayi da tsagar fuskarsa raɗau, kowane jirgi da ya hau da hatiminsa da ranar hawa da ranar sauka. Wasiƙun da ya aiko wa Inna suna ciki. Na je bayan gida na durƙusa ina tona toka da hannu, tokar da ɗumi, abin da na samu guntun bango ne da ya ƙi cinyewa. Kamfas ɗin kuwa a hannun jikan Baffa na gan shi yana buga shi da ƙasa, gilashin ya tsage, sai da na saya mashi alawa na karɓe.

Kin san abin da ke cina har gobe? Ban ce komai ba. Na durƙusa na gaishe shi na ce Allah ya saka da alheri, Baffa. Yayyena maza suka ce a bar maganar saboda zumunci, Inna ta ce ki bari, mahaifinki ba ya son hayaniya. Na bari. Shekara da shekaru ke nan, in na je Daura ina gaishe shi don Allah ya ce a yi zumunci, amma in ya miƙo mani goro ba na iya ci. Ya tsufa yanzu, ido ya tafi, wani lokaci har tausayi yake ba ni, sai in tuna kusoshin nan huɗu.

Sai daga baya wani malami ya zaunar da ni ya ce ai Baffa ko sisi ba shi da shi a gadon, tunda mamaci ya bar 'ya'ya maza. Shi ya sa nake ce maki ki san haƙƙinki kafin ki buɗe baki. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi, sannan mahaifiyarku ta ɗauki tumuninta, saura a raba maku, namiji rabon mata biyu. Ke nan shagon ba na yayyenki ne su kaɗai ba, kina da kaso, kuma ba mai sayar da kasonki sai da yardarki. Amma gaskiya ɗaya ce, ke ma ba ki da ikon hana raba gado don kawai kina kewa. Kuma kar ki ɗauke su azzalumai tun yanzu, ƙila matsin rayuwa ne, shagon da aka rufe wata biyu ma kaya lalacewa suke, ɓeraye na biki. Ko da yake ni na fi zargin matansu a maganar haya, Allah ya yafe mani, na ga irinta. Ki nemi wanda ya san rabon gado, ba kowane mai rawani ba, a yi wa shagon kuɗi a gaban kowa a rubuta. In kasonki da na ƙannenki mata da tumunin Mama za su kai, ku karɓi shagon a matsayin rabonku, ku sa yaron da ya saba tsare wa Baba. In ba su kai ba ki haƙura da bango, ki ceci abin da ke ciki.

Gobe-goben nan ki je ki ɗauki hoton kowace takarda da wayarki, ko rasit ne, ki tura wa mutum biyu. Akwati ko jaka ki kai ɗakin Mama ki sa kwaɗo. Littafin bashi na shago ki riƙe shi da kyau, ku yi cigiya a masallacin unguwa da wurin dilolin da yake sarin kaya, duk mai binsa ya zo, wannan ya fi gaggawa a kan kowace sadaka. Kuma don Allah matan zauren nan, in mazanku suka ce ku koma ɗaki ana gama bakwai, ku roƙi ƙarin kwana uku, ɓarna a waɗannan kwanakin ake yinta, lokacin da masu gaisuwa suka watse gida ya yi shiru.

Ki zauna da Mama ki kunna rikoda a waya, kar ki ce mata hira za ki ɗauka, za ta ji kunya ta yi shiru. Ki dai jawo zancen tana tsince wake. Ni na yi ta cewa sai ta gama takaba, sai ta warware, sai na samu hutu, shekara uku ta bi shi. Muryarta da nake da ita ba ta kai minti goma ba, a ciki take faɗin yadda wasiƙarsa kan yi wata biyu a hanya, ta kai wa malamin makarantar allo ya karanta mata a zaure tana bayan ƙyaure, kunya kamar ta nutse. Tsofaffin majalisarsa ma ki aika ƙaninki ya zauna da su, suna da labarin da ko Mama ba ta sani ba.

Maganar abin da zai same shi kuwa kin san hadisin da Muslim ya ruwaito, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi mashi addu'a. Ba sai kin gina masallaci ba. Mu famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu da ya shekara a mace muka gyara, don mun san mutum ne da ba ya iya wuce mataccen inji bai tsaya ba, kuma duk wata ina tura wa autanmu abin da ya sawwaƙa saboda in ya lalace.

Na kusa mantawa. Kafin a raba tufafinsa sadaka ki laluba kowane aljihu da hannunki. Rigar aikin Baba tana rataye a bayan ƙyaure, ta yi dauɗa da yawa shi ya sa ba wanda ya kula ta. A aljihun ƙirji na samu takarda a ninke ta yi laushi kamar tsumma, da ajami, sunayen gidaje tara da ba a karɓar kuɗin niƙansu, yawanci zawarawa da masu marayu. Takwas na gane su. Na taran mai ya zuba a kai, na kai wa malamai biyu sun kasa karantawa.